Rufin Tarago na Uku

Mu goma sha tara ne a ƙungiyar, kuma ni ce ta goma sha bakwai. Ba da shekaru ake lissafin ba, ba kuma da iya aiki ba, da ranar da mutum ya sa hannu a littafin shiga ake yi. Wanda ya riga ka da mako ɗaya ya zama babbanka har ɗayanku ya mutu, ko da kuwa bai san ta inda ake kama ƙarfen liƙi ba. Sunana Momose Kazue. Shekara talatin da ɗaya na yi ina liƙa wayoyi da dalma a masana'antar rediyo ta ƙetaren kogi, nan garinmu Kiryu, har ranar da aka rufe ta. A ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa kuwa, aikina dafa shayi.

Lahadi ta biyu a kowane wata muke haɗuwa a ɗakin sama na zauren unguwa. A jera tebura, a shimfiɗa layin dogo mai faɗin ɗan yatsa, a kafa tasha da gada da dutsen kwali. Sai tsofaffin maza goma sha takwas su zura farar safar hannu su zagaye teburin suna gyaɗa kai, kai ka ce su suka haƙa ramin da ya ratsa dutsen. Doka ce, ba a taɓa jirgin wani sai da safa, sai kuma da izininsa. Ni ina daga baya da buta da faranti.

Kada dai a ce ba su san amfanina ba. Sun sani sarai. Da an tashi, sai ka ga ɗaya ya biyo ni wurin ajiye motoci yana waige-waige, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle.

"Momose-san, in ba damuwa, ɗan duba mini wannan. Ba wani abu ba ne, ni ma da na samu lokaci..."

In kai gida, in buɗe, in tarar da liƙin da ko jikata ba za ta yi ba, dalma dunƙule guda kamar kashin kaza. In gyara. Wata mai zuwa ina zuba masa shayi zan ji yana ba na kusa da shi labarin yadda ya sha wuya kafin ya gano matsalar. Shekara tara ina jin irin wannan, ban taɓa ce wa kowa kanzil ba.

Mutum ɗaya ne a cikinsu na taɓa ganin girmansa, shi ne Ebihara-san, wanda ya kafa ƙungiyar. Tsohon mai ɗinkin littattafai ne, ɗan siriri, ba ya son surutu. Yana da taragai takwas na fasinja da ya yi da hannunsa daga kwali da takarda mai kauri, ya bi su da fenti ruwan ƙasa shafi bisa shafi har sai ka rantse ƙarfe ne. Kowanne bai wuce taƙi ɗaya da 'yar ɗoriya ba. Jirgin da yake hawa zuwa aiki yana saurayi ya kwaikwaya. A cikin kowane tarago akwai ƙwan fitila biyu ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, irin na da masu zare a ciki. Haskensu ja-ja ne, mai daɗin kallo, amma fa suna zafi.

A tarago na uku, jikin taga ta huɗu, akwai mutum biyu zaune suna fuskantar juna: saurayi mai hula da budurwa mai jar riga. Daga mariƙin tsohon buroshin haƙori ya sassaƙa su, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne da matarsa Tokiko. A wannan kujerar suka fara haɗuwa, ta taka masa ƙafa, ta ƙi ba shi haƙuri. Wannan taragon shi ya fara yi cikin takwas ɗin, shekarar da suka yi aure.

Ebihara-san ba ya barin jirginsa ya wuce minti goma yana tafiya. Zai tsayar da shi, ya cire safa, ya ɗora bayan yatsansa a kan rufin kowane tarago kamar uwa mai duba zazzaɓin jariri. A kan na uku ya fi daɗewa. Wata rana da na kawo masa shayi ya ce da ni a hankali:

"Sauran bakwai na manna musu takardar azurfa ta kwalin taba a ƙarƙashin rufi, tana mayar da zafin. Wannan kuwa lokacin ban yi wayo ba tukuna, na manne rufin haka nan. Ƙwan yana daidai kan Tokiko. In ya yi zafi, ita zai fara ci."

Ya yi 'yar dariya, ni ma na yi. Shi kaɗai ne yake mini maganar wuta da waya a gaban mutane.

Bara da kaka ya rasu. Na biyu a littafi ya hau kujera, wato Kuroiwa-san. Tsohon mataimakin darakta ne a wani kamfanin inshora, kuma har yau bai samu labarin cewa ya yi ritaya ba. Da taye yake zuwa wasan jirgi. Bai taɓa ƙera ko benci na tasha ba, komai a kwali yake saye, amma in ya fara bayani kan jirgin ƙasa sai shayi ya huce sau biyu. Abu na farko da ya yi shi ne canza tsarin wutar layin gaba ɗaya zuwa na zamani. Ya sa magatakardanmu Nagumo-san ya haɗa shi, mutumin da ya gama aikinsa a ofishin haraji, wanda ko sukundireba bai iya riƙewa da kyau ba. Rabin haɗin ma ni na gyara a ɓoye.

Ga inda maganar take. A tsarin da, wutar da ke cikin layi ita ce gudun jirgi. Ka ƙara wuta ya ƙara gudu, fitilu su ƙara haske. Ka tsayar da shi, wuta ta yanke, fitilu su mutu su huce. A sabon tsari kuwa wuta cike take a layin ko da yaushe, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, kuma ta fi ƙarfin da aka yi wa tsofaffin ƙwayayen nan. Sabbin taragai masu fitilun zamani marasa zafi ba ruwansu. Amma ka ɗora taragon takarda mai tsohon ƙwai a kan wannan layi ka bar shi, to ka ɗora shi a kan murhu ne.

A taron watan Oktoba Kuroiwa-san ya miƙe ya gyara taye ya ce za a yi bikin cika shekara da rasuwar marigayi. Ya riga ya je ya roƙi matar marigayin ta ba da aron jirgin, ta kuma yarda. Za a ajiye shi a babbar tasha a tsaye, fitilu a kunne, har a gama jawabi, sannan a yi shirun girmamawa, sannan ya zagaya sau uku. Mazan suka yi tafi da safofinsu, tafin da ba ya ko ƙara.

Na ajiye buta na ɗaga hannu. Sai da aka ɗauki lokaci kafin a gane daga ina hannun ya fito.

"A gafarce ni, Shugaba. Taragan nan ba za su iya zama a kan sabon layi ba. Ƙwayayen ciki za su yi zafi, rufin kuma takarda ne. Na uku ba zai yi minti goma ba."

Kuroiwa-san ya dube ni ta saman tabarau yana murmushi, irin murmushin da ake wa yaro ya kawo zanensa.

"A'a, yau Momose-san ce da darasin lantarki? To madalla. Nagumo-kun, me littafin na'urar ya ce?" Da "kun" yake kiransa, yadda babba ke kiran ƙarami, ba "san" na girmamawa ba.

Nagumo-san ya hau buɗe shafuka yana lasar yatsa. "To... wato... littafin dai bai ce ba za a iya ba, Shugaba."

"Kin ji ko?"

"Littafin bai san da taragon takarda ba," in ji ni. "Gyaran ba wuya. Ko dai in sa wa kowane tarago ɗan abin rage wuta a ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa, ko in canza ƙwayayen da marasa zafi. In ma ba a so a taɓa komai, a raba layin tashar da sauran, a bar shi ba wuta sai lokacin da zai tashi. Aikin rabin awa ne."

Wani daga can gefe ya ce, "Tabɗi! A kai ƙarfen liƙi jikin aikin marigayi?"

Wani ya ce, "Ai hasken nan ja-ja shi ne jirgin. Fitilun zamani fari fat, kamar ɗakin tiyata."

"To a bar layin ba wuta mana."

Kuroiwa-san ya ɗaga tafin hannu, kowa ya yi tsit.

"Momose-san, za mu tara mutane, ga matar marigayi a zaune, sannan mu nuna mata jirgin mijinta a cikin duhu? Haba. Shekara arba'in jirgin nan yana tafiya a ƙungiyar nan, bai taɓa ƙonewa ba, tun kafin wasu su san hanyar zauren nan. Kuma abin marigayi, ba mai taɓa shi sai shugaba, haka doka ta ce. In kina da shawara, ki rubuto mako biyu kafin taro, a sa a jadawali." Ya leƙa kofinsa. "Shayin nan fa ya ɗan huce."

Suka yi dariya, dariyar da ake yi don babba ya yi raha. Ni kuwa, ka san me na yi? Na ɗauki buta na je na sake ɗora ruwa.

Da aka tashi na tare Nagumo-san a wurin ajiye motoci. Yana hango ni ya hau laluben makulli a aljihun da ba ya ciki.

"Nagumo-san, kai ka san gaskiya na faɗa."

"To, ni dai... ba zan ce ba ki da hujja ba."

"Ka san inda wayar tashar take. Ka sa mata makunni ɗaya, shi ke nan. Ko ka bar ni in sa, ba wanda zai sani. Ai ba yau muka fara ba."

Kunnuwansa suka yi ja. "Momose-san, ki rufa mini asiri. Shugaba ya riga ya yanke magana a gaban kowa. In ya gane an bi ta bayansa, da wane ido zan kalle shi? Ƙila ma ba abin da zai faru. Ai jawabin ba zai yi tsawo ba."

"Jawabin Kuroiwa-san ne ba zai yi tsawo ba?"

Ya shige motarsa yana ta sunkuyar da kai ta gilashi har ya fice. Namiji ɗan shekara saba'in da biyu, mai jikoki huɗu, yana tsoron mai taye saboda ya riga shi sa hannu a littafi da wata shida. Na tsaya a wurin ina jin kamar in tofa yawu.

Na rubuta shawarar, na kai kwana goma sha shida kafin biki, da hannuna. Aka ce ai biki ba taro ba ne, za a duba ta a zaman Disamba. Ina da lambar Tokiko-san a littafin ƙungiya. Sau biyu na ɗauki waya. Amma in kira matar marigayi in ce mata shugaba bai san abin da yake yi ba, ni ta goma sha bakwai? Sau biyun duk na mayar da wayar. Na ce a raina ai ina wurin, idona zai kasance a kai.

Ranar biki da ƙarfe goma na safe kowa ya hallara cikin baƙar kwat. An kafa hoton Ebihara-san a kan ƙaramin tebur da fararen furanni. Ba a kunna turare ba, domin zauren ya hana wuta kowace iri. Tokiko-san ta zo ita kaɗai a tasi, 'yar tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, rungume da akwatin katako a naɗe cikin shuɗin ƙyalle. Ta miƙa wa Kuroiwa-san da hannu biyu, ta sunkuya har na ji tsoron kada ta kife. Aka zaunar da ita a gaba, daidai tasha.

Kuroiwa-san ya sa sabuwar safa, ya fito da taragan ɗaya bayan ɗaya ya jera a layi. Sai da ya yi ƙoƙari uku kafin ƙafafun na farko su zauna daidai. Ya yi wa Nagumo-san alama, aka kunna wuta. Tagogin suka haska gaba ɗaya, haske mai ƙarfi da ban taɓa ganin sun yi ba, har kana iya ƙirga kujeru daga ƙofa. Mazan suka ce "Ooo!" Tokiko-san ta matso da fuskarta kusa da tarago na uku, ta ɗaga yatsa ta yi wa 'yan mutanen ciki alamar gaisuwa. Hasken nan da suke yabo shi ne cutar.

Shugaba ya ɗauki makirufo, ya zaro takardu daga aljihun kwat. Na ƙirga su da ido daga inda nake tsaye da faranti mai kofuna ashirin. Shafi bakwai, rubutu a matse.

Shafin farko kan yadda shi Kuroiwa ya fara son jirgin ƙasa yana ɗan shekara shida. Marigayi bai shigo ba tukuna.

A tsakiyar shafi na biyu na ji warin. Ba hayaƙi ba ne tukuna, wari ne siriri na fenti da ya ɗumama, da ɗan ƙaurin tsohuwar takarda a bayansa. Shekara talatin da ɗaya ina aiki da hancina, ko a mafarki na san shi. Na dubi agogon bango, minti shida da kunnawa.

Na dubi Nagumo-san. Yana zaune dab da na'urar, makunnin yana nesa da gwiwarsa da taƙi ɗaya. Hancinsa ya motsa, na gani da idona. Ya ɗago ya dube ni, muka haɗa ido, sai ya mayar da kallonsa kan silifas ɗinsa kamar yau ya fara ganinsu.

Shafi na uku. Warin ya kai layi na biyu na kujeru. Na ga na huɗu a littafi ya ja numfashi ya saci kallon na uku. Na uku ya saci kallon Shugaba. Shugaba yana bayanin wata tafiya da ya yi zuwa Hokkaido. Wani ya yi gyaran murya, wani ya zaro hankici ya goge hancinsa ya ninke shi da kyau ya mayar. Maza goma sha bakwai, hanci goma sha bakwai, kowa yana jiran wanda ya fi shi girma ya fara ji. Kai, ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a wannan lokaci ba. Na ce a raina, ku dubi waɗannan, gidansu ne zai kama da wuta su tsaya neman izinin ihu.

Ina wannan tunanin, ina tsaye da faranti. Na ce mutum goma sha biyar ne a gabana, dole ɗaya ya yi magana. Na ce bari ya kai ƙarshen wannan sakin layi. Na ce in na ajiye farantin nan kofuna za su yi ƙara, bari in nemi inda zan ajiye a hankali.

Shafi na huɗu ya wuce. Marigayi ya samu shiga, layi biyu.

Yana juya shafi na biyar na ga zaren hayaƙi, siriri kamar gashi, yana tashi daga rufin tarago na uku. Fentin wurin ya kumbura ya yi baƙi. Tokiko-san tana kallonsa, hannayenta a kan cinya, ba ta ko ƙifta ido.

Na saki farantin. Kofuna ashirin suka tarwatse a ƙasa, shayi ya fallatsa wa layin baya. Na ture kujerar wani, na durƙusa na kutsa ƙarƙashin tebur da gwiwoyina masu ciwo, na kama babbar wayar na fizge ta daga soket. Komai ya mutu, har da makirufo. Kuroiwa-san bai lura ba sai da ya karanta jimla ɗaya da rabi da muryarsa ta gaskiya, 'yar siririya kamar ta akuya.

Na fito na ɗauke taragon daga layi da hannuna, na danna masa jiƙaƙƙen tawul ɗin da ke ɗaure a ƙuguna. Ya yi 'yar ƙara, cuu. Zafinsa ya ƙona mini babban yatsa. Shayi yana ta ɗiga daga gefen wata kujera. Abu na farko da aka faɗa, daga bakin Shugaba ya fito.

"Momose-san. Safar hannu."

Na rantse haka ya ce. Ban ko dube shi ba.

Na ɗaga tawul ɗin. Rufin ya huje, rami kamar kwabon yen ɗari, gefensa baƙi yana marmashewa. Ta ramin na ga ciki. Saurayi mai hula yana nan zaune, gefe ɗaya na jikinsa ya yi baƙi, amma yana nan. Kujerar da ke gabansa kuwa babu kowa. Sai ɗan jan abu da ya narke ya malale a kan kujerar ya ɗiga ƙasa, ba kai, ba hannu.

Tokiko-san ta miƙo hannu biyu, na ɗora mata. Ta daɗe tana kallon cikin ramin. Mazan suka fara motsi, kowa ya samu baki.

"Ni fa na ji wani abu, amma na ɗauka turare ne."

Turaren wa? Wa ya kunna turare a zauren da aka hana ko ashana?

"Tsofaffin kayan nan dama ba su da tabbas."

"Gaskiya takarda ba abin yin tarago ba ce, na sha faɗa."

Wanda ya faɗi wannan, sau uku na gyara masa kan jirgi a ɓoye.

Sai Tokiko-san ta dafa kujera ta miƙe. Ta juya ta fuskanci Kuroiwa-san, taragon a rungume a ƙirjinta, ta sunkuya ƙasa sosai.

"Shugaba, ku yi haƙuri. Kun sha wahala kun shirya biki mai kyau, aikin maigidana ya zo ya ɓata muku. Dama shi ba gwani ba ne, abin sha'awa ne kawai yake yi. Ku gafarce shi."

Na jira. Na ce yanzu dai ko dutse ne zai tsage. Kuroiwa-san ya gyara taye, ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan, daidai gwargwadon da babba ke yi wa ƙarami.

"Haba, kada ki damu, Tokiko-san. Ba laifin kowa ba ne. Kayan da ne, sun yi zamaninsu."

Ya karɓi haƙurin. Ya karɓa! Sauran ma suka gyaɗa kai suna cewa ba komai, ba komai, kamar su aka ƙona. Nagumo-san ya buɗe littafin taro yana rubutu, na leƙa ta kafaɗarsa. Ya rubuta cewa an samu tangarɗa saboda tsufan kayan aiki, an kuma fasa kofuna bakwai na zaure. Aka ce tunda an zo, bari Shugaba ya ƙarasa shafi biyun da suka rage, ya kuwa ƙarasa.

Ban tsaya ji ba. Na tattara fasassun kofuna, na goge ƙasa, na fita da shara. Da na dawo sai na tarar da Tokiko-san a ƙasan bene wurin ajiye takalma, zaune a kan benci, akwatin a kan cinyarta, tana fama da takalminta. Ba wanda ya rako ta, suna sama suna ɗaukar hoto. Na durƙusa na sa mata.

Raina a ɓace yake, bakina cike da magana. Na yi niyyar in gaya mata komai: taron Oktoba, da dariyar, da shawarar da aka ce sai Disamba, da Nagumo da silifas ɗinsa. Ina so ta san irin mutanen da ta sunkuya wa. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Ke ce Momose-san ko? Mai liƙin waya."

"Ni ce."

"Na gane ki tun da na shigo. Yana yawan maganarki a gida. Ya ce duk ƙungiyar nan ke kaɗai ce mai hanci." Ta yi ɗan murmushi tana shafa ƙyallen akwatin. "Kin san da Shugaba ya zo roƙo, ban so bayarwa ba. Kullum da safe nakan buɗe in gaishe su, su biyun. Amma a asibiti, kwana uku kafin ya tafi, ya ce da ni, in ƙungiya ta nemi jirgin ki ba su, kada ki ji komai, ai Momose-san tana wurin. Shi ya sa na kawo hankalina kwance."

Na kasa ɗago kai. Hannuna yana kan takalminta.

Ta kamo hannun, ta juya shi, ta dubi ƙunar da ke babban yatsana.

"Ayya, har kin ƙone. Da ba ki yi sauri ba, da mai hular ma ya tafi. Na gode da kika yi sauri."

Tasi ta yi ƙaho a waje. Na riƙe mata akwatin har ta shiga, na miƙa mata, na sunkuya. Tana ta sunkuyo mini ta gilashi har motar ta sha kwana.

A shafi na biyu na ji warin. A shafi na biyar na zare wayar.

Daga saman bene wani ya leƙo ya ce Shugaba yana tambaya ko akwai sauran shayi. Na hau, na ɗauki buta, na ɗora ruwa.